Farfaɗiya: Tarihin Sunanta da Tarihin Maganinta

1. Gabatarwa

Farfaɗiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi yawa, tana kuma cikin waɗanda suka fi daɗewa a rubutaccen tarihi. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS), mutum kimanin miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in an gane cutar aka ba su maganin da ya dace. Duk da haka, a ƙasashe matalauta, kimanin mutum 3 cikin 4 ba sa samun maganin.

Nisan gidan likita da ƙarancin ma'aikata suna cikin dalilan wannan giɓi, amma akwai wani dalili da ya shafi harshe. Sunan da al'umma ta laƙaba wa cuta shi ke nuna ƙofar da za a kai mai ita: ko gidan ƴan bori, ko zauren malam, ko gidan likita, ko kuma ƙuryar ɗaki inda ba mai ganinsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun sunayen farfaɗiya da fahimtar da ke ƙarƙashin kowane suna, tun daga tsofaffin littattafai har zuwa ƙasar Hausa ta yau, domin a ga abin da kowane zamani ya bari a bakin mutane da abin da hakan ke jawo wa majinyaci.

2. Asalin kalmar

Kalmar farfaɗiya Bahaushiya ce gaba da baya, ba aro ba ce, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ta. Tushenta shi ne aikatau faɗi. An ninka gaɓar farko ta saiwar, faɗ, ta zama faɗ-faɗ, sannan baƙin ɗ da ya zo a ƙarshen gaɓa ya rikiɗe ya koma r. Wannan doka sananniya ce a tsarin sautin Hausa: ita ce ta ba da karkaɗa daga kaɗa, da firfita daga fita, da karkashe daga kashe. Irin wannan ninki yana nuna maimaituwar aiki. Ke nan ma'anar kalmar ita ce faɗuwar da ke dawowa a kai a kai. A karin harshen Gobir da Adar da Arewa, inda fa ke zama hwa, lafazin ya bambanta amma ginin ɗaya ne.

Abin lura shi ne wasu harsuna masu nisa da juna sun bi wannan hanya. Mutanen Babila sun kira ta miqtu, wato faɗuwa. Larabawa sun ce sar'u, daga aikatau mai ma'anar kayar da mutum ƙasa, kamar yadda ɗan kokowa ke kayar da abokin karawarsa. Tsohon Faransanci yana da mal caduc, daga kalmar Latin mai nufin faɗuwa. Girkawa ne suka bambanta: kalmarsu epilepsia, wadda Faransanci ya gada, ta fito daga aikatau mai ma'anar cafkewa. Sunaye iri biyu ke nan, ɗaya yana bayyana abin da ido ya gani, ɗaya yana nuni ga wani mai cafka da ba a gani.

Hausa tana da iri biyun. Sunan farfaɗiya bayani ne kurum, bai tuhumi kowa ba. Amma aikatan da ke rakiyarsa suna mayar da cutar mai aiki da niyya: ana cewa ta kama shi, ta buge shi, ta kayar da shi, ta tashi. Da waɗannan aikatai ne kuma ake maganar iskoki. A nan ne bayani ya fara cuɗanya da fassara.

3. Fahimtar bori

Kafin Musulunci ya kafu a birane, da kuma bayan kafuwarsa a wurare da yawa, bori ne ke ba da bayanin cututtukan da ke zuwa ba zato, su taɓa hankali ko gaɓoɓi. Sawun wannan fahimta yana nan cikin kalmomi: shan inna yana ɗauke da sunan iskar da ake cewa ita ke shanye ƙafar yaro. Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da na Gobir da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Maraɗi da Tsibiri, kuma a fadojin nan biyu bori ya ci gaba da zama da matsayi, ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri. Binciken Jacqueline Monfouga-Nicolas kan borin Maraɗi, wanda ya fito a 1972, da na Nicole Echard kan borin Adar, na 1989, sun nuna cewa ciwo ne ke kai yawancin mutane ga girka.

Daga wannan duniya ne sunan borin jaki ya fito, wanda ake kiran farfaɗiya da shi a wasu yankuna. A harshen bori, wanda iska ke hawa doki ne in namiji ne, goɗiya in mace ce. Hawan bori yana da tsari: da goge ko garaya ake kiran iska, kowace da kirarinta da kayanta, tana magana da mutane, kuma da atishawa take sauka. Farfaɗiya ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba a kiranta, ba ta magana, ba ta zaɓen wuri. Sanya jaki a gurbin doki yana nuna faɗuwa mai kama da ta bori amma marar daraja, irin birgimar jaki cikin ƙura. Sunan yana ɗauke da ilimi, domin ya nuna cewa masu shi sun san bambanci tsakanin hawan iska da wannan ciwo. Yana kuma ɗauke da ƙasƙanci, domin ya sauke mai ciwon zuwa matsayin dabbar da aka fi rainawa.

Wata fahimta da ta yaɗu a Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa, ita ce cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko kumfar bakin wanda ya faɗi. Wannan zato ba shi da tushe ko kaɗan, amma illarsa babba ce. Saboda shi ake watsewa a bar mutum a lokacin da ya fi bukatar hannu, ko da kusa da murhu ya faɗi ko a bakin tabki. Saboda shi ake ware masa ƙwaryar abinci, a cire yaro daga makaranta.

4. Fahimtar malamai

Musulunci ya zo ƙasar Hausa da littattafan ɗibbu, kuma waɗannan littattafai sun gaji wata tsohuwar muhawara. Allunan Babila na kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa sun siffanta nau'o'in faɗuwar daki-daki, amma sun jingina kowane nau'i ga wani aljani ko abin bauta. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani littafin Girkanci da ake jinginawa ga Hippocrate, wanda Larabawa ke kira Abuƙiraɗu, ya ƙaryata wannan ra'ayi: ya ce ciwon ba shi da wani tsarki da ya fi na sauran cututtuka, kuma mazauninsa ƙwaƙwalwa ce. A ƙarni na 9, a Bagadaza, Hunainu ɗan Is'haƙu da almajiransa sun fassara littattafan likitocin Girka zuwa Larabci. Razi, wanda ya rasu a 925, da Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, duk sun ɗauki sar'u a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. A littafinsa Al-Ƙanun, Ibn Sina ya danganta shi ga toshewar da wani ruwan jiki ke yi wa kogunan ƙwaƙwalwa. Bayanin toshewar bai tabbata ba, amma gurbin da ya nuna shi ne daidai.

A gefe guda kuma akwai littattafan ɗibbun Annabi. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa sar'u gida biyu: na miyagun rauhanai, wanda ake yi wa addu'a, da na ruwayen jiki, wanda ya ce aikin likitoci ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mace baƙar fata mai farfaɗiya da ta kai kuka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta zaɓi haƙuri da ladan Aljanna, ta kuma roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya bayyana in ta faɗi, aka yi mata. A cikin labarin ba a kore ta ba, ba a guje ta ba, kuma abin da aka kula da shi shi ne suturarta.

Wannan gado ya iso ta hanyar Agadas da Katsina da Kano. Littafin Arrahma, wanda ake jinginawa ga Suyuɗi, ya yaɗu a hannun malamai, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai kan magani. Sai dai a aikace, kashin rauhanai ne ya fi samun karɓuwa, domin ya dace da abin da mutane suka riga suka sani. Iska ta zama aljani, rubutun sha da laya da hayaƙi suka zauna kusa da girka, daga baya ruƙiyya ta bi sahu. Kashi na biyu, wanda Ibn Ƙayyim da kansa ya miƙa wa likitoci, ya kasance abin da ba a cika ambata ba.

Fiƙihu ma ya taɓa al'amarin. A mazhabar Malikiyya, hauka yana cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure, tare da kuturta da albaras, kuma masu sharhin Muhtasar na Halilu sun shigar da sar'u ƙarƙashin hauka. Hukuncin ya tanadi jinkirin shekara guda domin neman magani. Wannan matsaya ba ta Musulmi kaɗai ba ce: a Ingila sai a 1971 aka soke dokar da ta ba da damar rushe aure saboda farfaɗiya, a Indiya kuma sai a 1999. Abin da ya biyo baya ko'ina iri ɗaya ne, wato iyaye su ɓoye ciwon ɗiyarsu don kada ta rasa miji, ɓoyon kuma ya hana ta magani.

5. Abin da likitanci ya gano

Canji na gaske ya faru ne a Turai da Amurka cikin shekara kamar 80. A 1857, a Landan, Charles Locock ya ba da labarin amfanin gishirin bromure, magani na farko da ya rage faɗuwa a zahiri. A 1873, John Hughlings Jackson ya bayyana farfaɗiya a matsayin fitar ƙarfi mai yawa, ba zato, daga wani gungun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A 1912, Alfred Hauptmann, wani matashin likita a Jamus, ya ba majinyatansa phénobarbital don su yi barci, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu. A 1929, Hans Berger ya wallafa sakamakon na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a kan takarda, abin da ya sa aka iya ganin hujjar maganar Jackson da ido. A 1938, a Amurka, Merritt da Putnam suka fito da amfanin phénytoïne.

Taƙaitaccen abin da aka gano shi ne wannan. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da ɗan ƙaramin lantarki, kowane a lokacinsa. In wani gungu ya saki nasa gaba ɗaya babu tsari, sai aikin wannan sashe ya rikice na ɗan lokaci. In rikicin ya game ƙwaƙwalwa duka, mutum ya faɗi, ya sandare, ya yi jijjiga, wani lokaci ya ciji harshe ko fitsari ya kuɓuce masa. In ya tsaya a sashe guda, mai yiwuwa hannu ɗaya ne zai yi rawa, ko mutum ya ji wani wari da babu shi, ko ya yi ta tauna da lalube bai san inda yake ba. Akwai kuma nau'in da ya fi kama yara, inda yaro zai yi zuru na ƴan daƙiƙoƙi sannan ya ci gaba da abin da yake yi. A nan sunan Hausa ya gaza, domin waɗannan nau'o'i ba su da faɗuwa, don haka ba a kiransu farfaɗiya, sai a ce aljanu ne ko sakarci. Haka kuma ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba: wadda zazzaɓi mai zafi ke sa ƙaramin yaro, da wadda hawan jini ke sa mai ciki, kowace da hukuncinta. Likitoci suna cewa farfaɗiya ne galibi in abin ya faru sau 2 ko fiye ba tare da wani dalili na nan take ba.

6. Zamanin Turawa da bayansa

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma daga baya nan ta zama hedkwatar ƙasar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Likitancin da suka kawo ya fi mayar da hankali ga lafiyar soja da ma'aikata da yaƙi da annoba irin su agana da sanƙarau. Cututtukan hankali da na ƙwaƙwalwa sun zo daga baya: sai a 1938 aka kafa tsarin kula da masu taɓin hankali a Afirka ta Yamma ta Faransa. A tsarin Faransa na lokacin, ilimin jijiya da na taɓin hankali fanni ɗaya ne, ba a raba su ba sai a 1968. Saboda haka mai farfaɗiya da ya isa babban asibiti yakan ƙare ne a sashen da jama'a ke kira na mahaukata. Ta haka likitancin zamani, wanda ya san bambancin cututtukan biyu, ya ƙarfafa haɗa su a idon mutane.

Amma a wannan zamani ne kuma aka fara gwada wata hanya. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb ya bi irin wannan tafarki daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1978. Darasin da suka bari shi ne majinyaci ba ya zuwa shi kaɗai, da danginsa da fassararsu yake zuwa, kuma likitan da bai saurari wannan fassara ba ba zai sake ganinsa ba.

Bincike ya kuma bayyana dalilin yawan farfaɗiya a Sahel. Duk abin da ya ji wa ƙwaƙwalwa rauni yana iya barin tabon da zai zama mafarin ciwon: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a hatsarin hanya, shanyewar ɓarin jiki, da sanƙarau. A 1963, Léon Lapeyssonnie ya siffanta zirin sanƙarau na Afirka, wanda kudancin Nijar da arewacin Nijeriya ke tsakiyarsa. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a zirin, ta kashe kimanin 25,000, ta bar wasu da kurumta ko farfaɗiya. A Disamba 2010, Nijar da Mali da Burkina Faso ne suka fara babban gangamin allurar MenAfriVac, wadda ta kusan kawar da nau'in A, ko da yake nau'in C ya yi annoba a Yamai a 2015. OMS ta ƙiyasta cewa ana iya hana kashi 25 cikin 100 na farfaɗiya. Ke nan awon ciki, da haihuwa a gaban ungozomar likita, da gidan sauro, da allurar rigakafi, da hular kwano ta mai babur, duk maganin farfaɗiya ne tun ba ta zo ba.

A 1997, OMS da ƙungiyoyin duniya biyu masu yaƙi da cutar suka buɗe gangamin fito da ita daga duhu. A 2008 hukumar ta fito da shirin mhGAP, wanda ya sanya farfaɗiya cikin cututtukan da ma'aikacin ƙaramin gidan likita zai iya koyon ganewa da ba da maganinsu. A 2022 kuma Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin shekara 10 kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya.

7. Zama da ciwon

Abin da wannan tarihi ya tara wa iyalin mai farfaɗiya ba shi da wuyar riƙewa. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa ko hanya, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa, a suturta shi. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo kafin ya farfaɗo sarai, domin yana iya shaƙewa. Da jijjigar ta tsaya a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa. Yawancin faɗuwa tana ƙarewa da kanta cikin minti 1 zuwa 3. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, sai gidan likita ba jinkiri.

Maganin kuwa na kullum ne, ba na ranar faɗuwa ba. Phénobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, yana cikin magunguna mafi arha, kuma akwai wasu da likita zai zaɓa bisa nau'in ciwon. Yanke shi kwatsam yana iya tayar da faɗuwa mai tsanani, don haka likita ne kaɗai ke rage shi, galibi bayan aƙalla shekara 2 babu faɗuwa. Macen da ke son haihuwa ta gaya wa likita tun da wuri, domin wasu magunguna, musamman valproate, suna cutar da ɗan tayi. Rashin barci da giya da tsallake magani suna tayar da ciwon. Baƙin ciki mai naci da fargaba sun fi yawa ga masu farfaɗiya, kuma su ma ana maganinsu. Addu'a ba ta hana shan ƙwaya, kamar yadda rabon da Ibn Ƙayyim ya yi ya riga ya nuna.

8. Kammalawa

Fahimta uku ce ta sauka kan farfaɗiya a ƙasar Hausa, ta bori da ta malamai da ta likita, kuma babu wadda ta share ta gabanta. Iyali guda yakan bi ukun bi da bi, gidan likita a ƙarshe, bayan dukiya ta ƙare, ƙuna da tabo sun samu. Masu aikin harshe suna da rabo cikin gyaran wannan jeri. Ya kamata littattafan yaƙi da jahilci da shirye-shiryen rediyo su riƙe kalmar farfaɗiya, tunda bayani take yi ba tuhuma ba, su bar borin jaki ga ƙamus da tarihi. Ya kamata su raba ta da hauka a kowace jimla. Ya kamata su guji cewa wane ya kamu da farfaɗiya, domin da wannan aikatau ake maganar ƙyanda da tarin fuka, kuma yana raya zaton ana ɗauka. A ce yana da ita ko yana fama da ita. Akwai kuma bukatar a tattara, daga bakin uwaye da ungozomomi da malaman makaranta a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kalmomin da ake siffanta nau'o'in da ba su da faɗuwa, domin ma'aikacin lafiya ya san tambayar da zai yi, uwa kuma ta gane cewa zurun da ɗanta ke yi a aji ciwo ne mai magani.